Hannun Sarki a Bakin Barewa

Da sunan Allah, wanda Ya yi gida Ya yi daji, Ya sa tsoro ya zama katanga a tsakaninsu.

An yi wani sarki a wani gari da ke gindin duwatsu, yamma da gulbi. Sunan garin ya kwanta mini yanzu, ko da yake na sha ruwansa a zamanin da ƙafa ke da ƙarfi, saboda haka mu ce da shi Kwarin Marke. Sarkin kuwa sunansa Tunau. Ba azzalumi ba ne, ba kuma marowaci ba, sai dai an jarrabce shi da abu biyu: kiwon namun daji da son yabo.

A bayan fada ya kewaye wani fili da katanga, ya tara birai da gada da beguwa da tunku, kowane da kejinsa. Duk cikinsu babu wadda ta shiga ransa kamar wata barewa. Tun tana jaririya maharba suka kawo ta, shi da kansa ya shayar da ita nonon akuya, ya sa mata suna Yalwa. Ita ba a sa ta a keji, kullum da safe takan zo ta lashi gishiri a tafin hannunsa. Mai kula da filin wani mutum ne mai suna Nomau, wanda ya shekara ashirin yana shara da ɗebo ruwa, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, sai ga dila ya fito daga daji. Ya ratsa tsakiyar kasuwa bai kauce wa kowa ba, ya zo har ƙofar fada, ya kwanta a gaban shimfiɗar sarki.

Sarkin Fada ya yi wuf ya ce, "Zaki, ka ga ikon Allah! Mutane sun bi, yau ga na daji sun aiko wakili ya yi caffa!"

Maganar ta yi wa sarki daɗi fiye da zuma. Kafin la'asar maroƙa sun sa abin a waƙa, kafin mako ya zagayo fatake sun kai labarin garuruwa. Aka ce Nomau ya kai dilan fili. Wajen ɗaukarsa dilan ya cije shi a wuyan hannu. Kashegari Yalwa ta je shinshina kejinsa, ya ciji leɓenta. A rana ta biyar aka tarar da dilan a mace. Sarki ya sa aka binne shi a ɓoye, aka ce wa mutane baƙo ya gama gaisuwa ya koma gida.

Nomau ya zo ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙauyenmu mun san irin wannan dilan. Haukan kare ne. A ba ni izini in je asibitin birni a yi mini allura."

Sarki ya ce, "In aka gan ka a asibiti da cizon dila, me za a ce da caffar? Ɗan ciwon da bai kai tsagar wanzami ba? Tashi ka koma aikinka, kada in ji maganar a bakin kowa."

Sau uku Nomau yana zuwa, sau uku ana sallamarsa da amsa ɗaya. Ciwon ya warke, ya yi shiru.

Bayan kwana talatin da 'yan kai, Yalwa ta daina cin ciyawa. Ta tsaya tana miƙe wuya, yawu na dalala, tana wani kuka da ba irin nata ba. Da safen nan Nomau bai zo ba, sarki shi kaɗai ya shiga filin. Da ya gan ta haka sai ya ce a ransa ƙaya ce ko ƙwallon kanya ya maƙale mata, kamar yadda yakan faru da tumaki. Ya naɗe hannun riga, ya buɗe bakinta, ya zura hannu har maƙogwaro yana lalube. Bai sami komai ba. Wajen zarowa haƙoranta na ciki suka yage masa bayan hannu. Ya goge da gefen riga, ya zauna a kan wani dutse, ransa a ɓace.

To, a kusa da dutsen akwai wani tsohon kunkuru, tun zamanin kakan sarki yake gidan. An huda gefen ƙoƙon bayansa an zura sarƙa, an ɗaure a turke. Allah Ya ba shi magana, amma ba ya yin ta sai da sarakunan gidan, su ma sai in ta kama. Tsakaninsa da Sarki Tunau akwai wasan kaka da jika.

Kunkuru ya miƙo wuya ya ce, "Angon barewa, me ya sami hannun? Ko amarya ce ta yi yaji?"

Sarki ya ce, "Kai dai Kaka, ga tsufa ga sa ido. Ƙaya na je ciro mata."

"Ka samo ta?"

"Babu komai a ciki."

Kunkuru ya ce, "Da ka samo ta da na yi maka barka. Allah ya ja zamaninka, ina tsoron kada abin da ya sami Anaruwa gardi da kurarsa ya same ka."

Sarki ya ce, "Me ya sami Anaruwa gardi?"

Kunkuru ya ce:

An yi wani gardi, wato mai wasa da kura, ana ce da shi Anaruwa. Kurarsa ƙatuwa ce, sai maza uku ke riƙe sarƙarta in an shiga kasuwa. A ƙasar da yake yawo suna da wata al'ada: yaron da ya yi nauyin ƙafa, ya wuce lokaci bai fara tafiya ba, sai wanzami ya yi masa 'yar tsaga a gwiwa, a shafa yawun kura, wai don ya sami ƙafa irin tata. Da wannan Anaruwa ke ci. Sai dai kura ba ta ba da yawu a banza, sai ya yi ta nuna mata ƙashi kafin ɗan kaɗan ya ɗiga a ƙoƙo.

Wata rana a wata kasuwa wani kare ya afka mata tana ɗaure. Ga takunkumi a baki, ba halin ramawa, ya yage mata kunne kafin a kashe shi da sanduna. Kunne ya warke, aka manta.

Bayan kamar wata guda sai kura ta sake hali. Ta yi laushi, ta kwanta tana lasar ƙafar maigidanta, baki a sake, yawu na zuba kamar tulu ya tsage. Anaruwa ya ce, "Alhamdu lillahi! Asirin da ubana ya bar mini sai yau ya kama." Ya cire mata takunkumi, ya sa aka buga ganga, mata suka yi layi da goyo.

Ana cikin haka sai wata tsohuwar ungozoma mai suna Tabawa ta kutsa cikin taron da sandarta, ta tsaya ta ƙare wa kurar kallo, ta ce, "Ɗan nan, mayar da takunkumin nan, ka zubar da abin da ke cikin ƙoƙon."

Anaruwa ya ce, "Iya, in jikanki ne ba ya tafiya, ga layi can. In kuwa ke ce ƙafa ta gaza, yawun kura ba ya maganin tsufa."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Tabawa ta ce, "Ku yi abarku. Haka aka yi wa wanda ya gargaɗi ubana, Barmo maharbi."

Wata mai goyo ta ce, "Iya, me ya sami Barmo maharbi?"

Tabawa ta ce:

Ubana shi ne Sarkin Bakan ƙauyenmu, wato shugaban maharba. Maharbanmu suna da doka, naman dajin da ya kawo kansa gidan maharbi baƙo ne, ba a harbinsa, wai masu daji ne suka aiko shi neman sulhu. Wata rana da rana tsaka yanyawa, 'yar dabbar nan mai kama da dila, ta shigo gidanmu. Ta wuce kaji ko kallonsu ba ta yi ba, ta je ta kwanta a kan kwarin kibiyoyinsa. Baba ya yi murna, ya ce girma ya zo masa har gida. Ya ɗaure ta a gindin tsamiya, yana ba ta nama da hannunsa.

Wani makiyayi ya tsaya shan ruwa a rijiyarmu, ya leƙa ya gan ta, ya ce, "Sarkin Baka, wannan ba baƙuwa ba ce, marar lafiya ce. Mai lafiya gudunka take yi." Maharba suka yi masa ca, suka ce me mai bin wutsiyar saniya ya sani a kan daji? Ya ja shanunsa ya wuce.

Kwana biyu ta ciji Baba a idon sawu, kwana huɗu ta mutu. Abokansa suka ƙona gashin jelarta, suka shafa tokar a ciwon, ya rufe sumul, kowa ya ce magani ya ci.

Da aka yi kwana arba'in sai zazzaɓi ya zo. Mutumin da ke ratsa gulbi da gada a kafaɗa ya koma in ya ga ƙwaryar ruwa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya yi ƙara. Ƙishi na cinsa, ruwa na gabansa. Da abin ya tsananta, abokan nan nasa suka ɗaure shi a gindin tsamiyar don kada ya ji wa wani. Ni ake ba ruwan in kai masa, ina 'yar shekara tara. In hankalinsa ya dawo sai ya ce, "Uwata, don Allah kau da shi, kada ki matso." Kwana biyar ya yi, ya cika da ƙishi, taku goma daga rijiyar da shi ya haƙa.

Saboda haka nake gaya maka, ɗan nan, tsoron da naman daji ke yi wa mutum, shi ne lafiyarsa. Ran da ka ga ya daina, ba ƙauna ce ta shige shi ba, cuta ce.

Kunkuru ya ce, da Tabawa ta kai nan sai mata suka fara ja da baya. Anaruwa ya ga kasuwarsa za ta watse, sunansa zai zube a kan maganar tsohuwa. Sai ya juya wajen matarsa, ya kwance 'yarsa daga bayanta, wata 'yar ƙaramar yarinya mai suna Kande wadda ita ma ba ta fara tafiya ba. Ya ɗaga ta sama ya ce, "In guba ce, ga tawa! Wanzami, bismilla." Aka yi tsaga, aka shafa. Ganin haka mata shida suka miƙo nasu.

Bayan kwana uku ƙafafun kura na baya suka mutu, ita ma ta bi su. A ranar Anaruwa ya gane tsohuwa ta yi gaskiya. A lokacin kuwa akwai asibitin da ake yin allurar, tafiyar yini biyu ce kawai. Da ya koma kasuwar ya ce, "Jama'a, na yi kuskure, ku kwashi yaranku mu tafi," da an sha zagi an wuce. Amma ya ce a ransa, wa zai sake kawo wa gardi ɗa in ya ji haka? Ya ja gawar kura ya jefa a kwazazzabo, ya tashi ya koma wani gari.

A mako na uku Kande ta kama bango ta miƙe, ta yi taku. Uban ya yi ta yawo da ita yana cewa, "Ina tsohuwar nan? Ta zo ta gani!" Kwana goma sha ɗaya yarinyar ta yi tana tafiya a duniya. A na goma sha biyu ta ƙi nono, ta ƙi ruwa.

Cikin yaran nan bakwai, huɗu ne ko biyar suka tafi, tsufa ya cinye mini adadin. Anaruwa kuwa an daɗe ana ganinsa a bakin kasuwa, yana jan sarƙa babu komai a ƙarshenta.

Kunkuru ya dubi sarki ya ce, "Ba kurar ce ta kashe su ba, ita ma kawo mata aka yi. Shirun uban ne. Ciwon nan yakan ba mutum rata, ya zauna a jiki shiru kamar baƙo mai kunya, a cikin ratar nan ne allura ke korarsa. Ran da ya buɗe baki kuwa, babu boka babu likita."

Sarki Tunau ya daure ya ce, "Kaka, Yalwa barewa ce fa. Ciyawa take ci."

"Dila bai tambaye ta abin da take ci ba kafin ya cije ta. Da a daji take, da ta hango mai irin tafiyarsa ta yi nisa. Kai ka koya mata tsayawa. Mu da ke ɗaure, in cuta ta shigo ta ƙofa, ta ina za mu fita?"

Sarki ya dubi hannunsa. Ciwon ɗan ƙarami ne, jinin har ya bushe. Ya tuna hakiman da suka aiko masa da barka, da waƙar da yara ke yi a dandali. Ya ce, "In na je asibiti, duniya za ta ji caffar nan ƙarya ce."

Kunkuru ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za su ji ko ta yaya, ko daga bakinka yau, ko daga kukanka ran da dogarai suka ɗaure ka. Amma kai naka da sauƙi, yau aka yi shi. Ka duba filin nan. Kwana biyu ke nan ba a share shi ba."

Sarki ya ɗaga kai. Ga kashin birai a warwatse, ga kwatarniyar gada a bushe, ga tsintsiya a jingine inda aka bar ta shekaranjiya. Ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

Ya kira a kawo sabulu da ruwa, ya yi ta wanke hannun har fata ta yi fari. Ya aika a kira maharbi. Sarkin Fada ya rusuna ya ce, "Zaki, ko a yanka barewar, kada nama ya tafi a banza?"

Sarki ya ce, "Wanda ya taɓa ta da hannu zai gamu da ni. A harbe ta, a haƙa rami mai zurfi."

Bai tsaya gani ba. Yana zaure ya ji ƙarar bindiga, ya dafa bango har ta gama amsawa a cikin duwatsu. Sa'an nan ya ce a fito da mota, shi kuwa ya taka da ƙafa zuwa gidan Nomau, abin da bai taɓa yi ba.

A ƙofar gida ya ga an fito da randa waje an kife ta. Matar Nomau, Hansatu, tana zaune a ƙasa kusa da ita. Ta nuna masa ɗaki da hannu.

Nomau na kwance, gumi ya jiƙa tabarma, hannunsa ɗaya a ɗaure da ƙafar gado. Shi ya ce a ɗaure shi. Da ya ga sarki sai ya yi yunƙurin tashi, ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, kwana biyu ban fito ba. An ba birai ru..." Kalmar ba ta ƙarasa fita ba wuyansa ya shaƙe, jikinsa ya sandare, ya daɗe yana haki kafin ya lafa.

Sarki ya ce, "Nomau, tashi. Ga mota can, tare za mu tafi."

Nomau ya ce, "Tawa motar ta wuce tun wata guda, ranka ya daɗe." Idonsa ya faɗa kan hannun sarki. "Yalwa ce?"

"Ita ce."

"Allah sarki, baiwar Allah. To, kai ka hanzarta. Ni a bar ni a ɗakina."

Sarki ya fito. Hansatu ta miƙe, ba ta durƙusa ba. Ta ce, "Sau uku, ranka ya daɗe. Sau uku ina wanke masa rigar tafiya, sau uku ina ninke ta in mayar."

Sarki ya ce, "Baiwar Allah, faɗi abin da zan yi miki."

"Ni babu. Nawa ya ƙare. Amma ran da dilan nan ya ratsa kasuwa, ba mijina kaɗai ya taɓa shi ba. An ce wa mutane albarka ce, suka yi ta shafa shi, wasu ya lashe su. Karnukan mahauta ma sun yi faɗa da shi. Har yau ba wanda ya gaya musu komai. In an zo zaman makoki kuma, kada ka bari a ce ƙaddara ce kawai a tashi."

Sarki ya tsaya a nan cikin rana, fadawa na bayansa, ba mai iya ɗaga kai. Ya ce a kira sankira. Da ya zo da gangarsa, sarki ya ce, "Ka zaga gari, unguwa-unguwa. Duk wanda dilan nan ya cija, ko ya lasa, ko karensa ya yi faɗa da shi, ya zo ƙofar fada yanzu, za a kai shi asibiti."

Sankira ya ce, "Zaki, in suka tambayi dalili fa? In ce likita ne ya zo rigakafi?"

Sarki ya ce, "Ka ce dilan ba caffa ya zo yi ba, mahaukaci ne, ya mutu tun kwana biyar da zuwansa. Ka ce Nomau ya faɗa tun ran farko, aka hana shi magana. In suka ce wa ya hana shi, ka ce Tunau ne. Kada ka sa mini sarauta a gaban sunan."

Kafin azahar mutum tara suka taru a ƙofar fada. Sarki ya sa aka cika motarsa da su, aka ƙaro wata, shi ya matse a gefe da hannunsa a naɗe. Su goman Allah Ya ba su sauran kwana. Nomau bai kai Juma'a ba.

Nan hikayar ta tsaya. Allah Ya sa mu ji tun mai faɗa yana da bakin faɗa.